Kafin mu ɗora wa takarda laifi, a tambayi firinta me aka faɗa mata

Jama'a, lokacin furojet ya zo, kuma tun makon jiya abu ɗaya nake gani yana ta maimaituwa a bakin shagunan buga takardu na bayan fakalti da ɗakunan hostal. Ɗalibi zai tsaya riƙe da hoto yana jujjuya shi a rana, fuska a murtuke. Hoton ya fito layi-layi kamar an ja masa tsintsiya, ko sama ta yi kyau ƙasa ta koma kore-kore, ko ka taɓa shi tawada ta biyo yatsanka. Mai shago zai ɗaga kafaɗa ya ce ai takardar ce, 'yar araha ce. Ɗalibi ya ce to don me ka sa min ita? Mai shago ya ce iya kuɗinka iya shagalinka. A rabu kowa na ƙunƙuni, kuɗi kuma sun riga sun tafi.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni ma ina cikin sana'ar. Shekara ta uku ke nan ina buga hotuna a kusurwar ɗakinmu da wata 'yar Epson mai tanki, da ita nake biyan kuɗin hostal da na mota in an yi hutu. Kuma ba zan ɓoye muku ba, takardar da nake sa wa kusan kullum ba ta kamfanin firintar ba ce. Irin wadda ake sayarwa fakiti-fakiti ce a Mokola, wani lokaci kuma in wani zai je Legas in ba shi saƙo ya ɗauko min a Computer Village. Don haka duk wanda ya ce ina kare kasuwata ne, bai yi ƙarya ba. Amma a saurare ni tukuna. Ra'ayina shi ne, mafi yawan hotunan da suke lalacewa a makarantar nan, takarda ba ta da hannu a ciki. Mun mayar da ita saniyar ware ne kawai, saboda ita ba ta da bakin da za ta kare kanta, kuma ɗora mata laifi ya fi sauƙi a kan a zauna a duba injin.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata ƙanwarmu ce 'yar sashen anatomi. Aikinta a kan hantar ɓera ne, kuma babi na huɗu gaba ɗaya hotunan da ta ɗauka ta madubin likita ne. Wanda ya taɓa ganin irinsu ya san kala biyu ne jigon abin: ruwan hoda da shuɗi mai sirkin ja, domin da rini biyu ake rina naman kafin a duba shi, ɗaya ya kama tsakiyar ƙwayar halitta, ɗaya ya kama kewayenta. Ta kai wani shago an buga mata kwafi huɗu. Malamin da ke duba aikinta ya buɗe, ya kalla, ya mayar mata. Ruwan hodar ya koɗe ya koma kamar ƙasa-ƙasa, sannan ga wasu siraran fararen layuka sun ratsa kowane hoto. Ya ce mata in mai jarrabawa na waje ya nuna layin nan ya tambaye ki mene ne wannan a jikin hanta, me za ki ce masa? Ta koma shagon, oga ya ce takardar da ta kawo ce ba ta da kyau, ta sayo wata. Ta sayo, ta sake biya, aka sake bugawa, abin ya fito yadda ya fito da farko. Sai bayan isha'i aka rako ta wajena, saura kwana biyu a rufe karɓa, idonta ya yi ja.

Na ce ta ba ni ragowar takardar farko, wadda aka ce ita ce mai laifin. Na sa ta a tawa firintar, na buga hoto ɗaya. Ya fito tas. Takarda ɗaya, fakiti ɗaya, hoto ɗaya. Washegari muka je shagon tare, na gaishe da oga da ladabi, na roƙe shi ya buga mana gwajin nozul. Da ƙyar ya yarda, saboda layi ya kai bakin ƙofa. Takardar gwajin na fitowa shi da kansa ya yi shiru: layukan majenta, jar kalar nan mai kama da ruwan zoɓo, kusan rabinsu sun yanke. Da muka leƙa kwamfuta kuma, saitin yana kan takardar rubutu ta yau da kullum, gudu kuma a kan mafi sauri. Ba mugu ba ne, wallahi. Mutum ne mai janareta na shan mai a bayan shago da mutum talatin suna masa ihu. Amma kuɗin yarinyar nan na bugu biyu da fakitin takarda ɗaya sun tafi a banza, a kan abin da minti biyu ya isa a gano shi.

Bari in yi bayanin yadda abin yake, don in aka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Firinta mai tawadar ruwa ba ta taɓa takarda. Akwai wani kai da ke kai-komo daga hagu zuwa dama, muna ce masa hed, a ƙarƙashinsa akwai 'yan mitsi-mitsin ƙofofi da ido ba ya gani, su ne nozul. Ta nan yake feso ɗigon tawada, kowace kala da nata jerin. In ya gama layi ɗaya, rola ta ja takarda gaba kaɗan, ya sake wucewa. To firintar makauniya ce, ba ta san irin takardar da ka sa mata ba. Abin da ka zaɓa a kwamfuta shi take yarda da shi. Kuma wannan zaɓin da mutane suke tsallakewa shi ne yake yanke yawan tawadar da za a zuba, da sau nawa hed zai bi wuri ɗaya, da yadda za a haɗa kaloli, da yadda rola za ta riƙa jan takardar. Ka sa mata takardar hoto mai sheƙi ka ce mata takardar rubutu ce, za ta yi maka aikin takardar rubutu: ta wuce sau kaɗan, da sauri, da haɗin kalar da aka tsara wa wata takarda daban. Sai ka ga hoto ya fito fayau da layi-layi. Ka yi akasin haka, ka sa siririyar takarda ka ce mata mai tsadar nan ce, ta malala mata tawadar da ba za ta iya sha ba, takarda ta jiƙe ta yi tudu da kwari, wuraren duhu su yi dabbare-dabbare.

A wasu firintocin abin ya ma fi haka. Da yawa daga cikin 'yan Canon masu tanki da ake gani a shaguna, baƙar tawadarsu iri daban ce da sauran kalolin. Kalolin narkakken rini ne da ke shiga jikin takarda, baƙar kuwa mai gari ce, an yi ta ne don rubutu a takardar yau da kullum. In ka zaɓi takardar hoto, injin yakan ajiye baƙar ya haɗo baƙi daga sauran kalolin uku. In ka bar shi a kan takardar rubutu, sai ya fesa mai garin a kan sheƙi, ta zauna a sama ta ƙi shiga. Shi ne za ka ga gashin kai da baƙin kwat a hoton fasfo suna gogewa in an taɓa, fuska kuwa lafiya ƙalau. Mutum ya ce takarda ba ta shan tawada. Tana sha, ba irin wadda aka ba ta ba ce kawai.

Inda matsalar takardar waje take da gaske shi ne, in ka buɗe jerin takardun da ke cikin direban firinta, sunayen na kamfanin kawai za ka gani. A Epson za ka ga su Epson Premium Glossy da Photo Paper Glossy da Epson Matte, ba za ka ga sunan wadda ka sayo a kasuwa ba. Ba su san da ita ba, kuma ba aikinsu ba ne su sani. Don haka kai ne za ka nemo wanne ne a cikin sunayen nan ya fi dacewa da takardarka, kuma ba a nemo shi da hasashe. Ni duk sanda na canza takarda sai na sadaukar da biyu ko uku. In yanka su kashi huɗu-huɗu, in ɗauki hoto ɗaya mai fuskar mutum da farin kaya da wuri mai duhu da sararin sama, in buga shi da kowane saiti, in rubuta sunan saitin a baya da biro. In bar su su sha iska, in fita da su waje in duba, don hasken kwan ɗaki maƙaryaci ne. Wanda ya fi kyau in rubuta sunansa a jikin fakitin da maka. Shi ke nan, har fakitin ya ƙare ba na sake tunani. Takarda uku ce ta tafi, amma ta tsare min sauran. Abin mamaki, wata takardar mai sheƙi sai ka ga ta fi kyau da saitin mat, saboda yawan tawadar ya fi dacewa da ita. Ba wanda zai faɗa maka wannan sai gwaji.

To idan hoto ya riga ya fito ba daidai ba, daga ina ake farawa? Ba daga sayo sabuwar takarda ba dai. Gwajin nozul ne farko, kullum. Yana cikin shafin gyare-gyare na direba, a takardar rubutu ake buga shi, kuma tawadar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. Zai fito da 'yan layuka na kowace kala kamar matattakala. In akwai inda ya yanke, an gama magana, hed ne ya toshe, ko da takardar zinare ka sa layin nan sai ya fito. A nan ne ake yin wankin hed. Amma don Allah a daina danna shi sau takwas a jere kamar ana buga ƙofar mai bashi. Sau biyu ko uku, a riƙa buga gwaji tsakaninsu. In bai buɗe ba a kashe injin a bar shi ya huta, littafin Epson kansa ya ce awa 6 a wasu samfuran, 12 a wasu. Kumfar iskar da ta shiga takan kwanta da kanta, busasshiyar tawada kuma ta yi laushi. Kowane wanki tawada yake zuƙa ya zubar a wani soso da ke cikin injin, kuma akwai lissafin da injin yake yi, ranar da ya ga soson ya cika zai tsaya cak yana ƙyafta maka fitilu, yawanci a daren da ka fi buƙatarsa.

In gwajin ya fito cikakke amma har yanzu akwai layi, akwai wata 'yar dabara da nake so kowa ya riƙe. Juya hoton a kwamfuta, mai tsaye ya koma kwance, ka sake bugawa. In layukan sun juya tare da hoton, a cikin hoton suke, firinta ba ruwanta. In sun tsaya inda suke, suna bin hanyar da hed yake kai-komo, to injin ne ko saiti. Daga nan sai ka ɗaga ingancin bugu zuwa na sama, ka cire alamar da ke kan gudu mai sauri. Abin da gudun nan yake yi shi ne ya sa hed ya fesa tawada a tafiya da kuma dawowa. In ka cire, a tafiya kawai zai fesa, lokaci zai kusa ninkawa, amma ɗigon zai riƙa sauka inda ya kamata, tawada kuma ta samu 'yar sararar shiga kafin a ƙara mata wata. Takarda mai araha tana son wannan sararar fiye da mai tsada. In rubutu ko gefen abubuwa suna fitowa biyu-biyu kamar inuwa, daidaita hed ake yi, shi ma yana nan a shafin gyare-gyaren.

Akwai wanda layinsa ba ya fitowa sai a ƙarshen takarda, wajen faɗin yatsa biyu daga ƙasa. Wannan lokacin ne da bayan takardar ya kuɓuce daga babbar rola, 'yan ƙananan tayoyin gaba kawai ke riƙe da ita, sai ta ɗan goce. Takarda mai kauri ko wadda ta lanƙwashe ta fi yin haka. Maganinsa ka bar farin gefe a ƙasa, ka haƙura da bugun da ke cika takarda baki da baki, in ya so ka yanke daga baya. In kuma baƙin shafe kake gani a kusurwa ko a gefe, hed ne yake gugar takardar. Miƙar da ita da hannu kafin ka sa, ka riƙa sa ɗaya-ɗaya ta baya, in direbanka yana da zaɓin takarda mai kauri ka kunna shi, yana ƙara tazara tsakanin hed da takarda. Kada a ƙyale wannan, gugar nan tana iya kashe hed, kuma kuɗin hed ya kusa kuɗin rabin injin.

Wannan ya kawo ni kan yanayin garin nan. Mu da muke kudu, laima ita ce babbar abokiyar gabarmu. Takardar hoto an shafe fuskarta ɗaya da wani abu mai shan tawada, bayanta kuma ba a shafa ba, ko an shafa wani abu daban. In ta sha danshi, ɓangarorin biyu ba sa kumbura daidai, sai ta nannaɗe. Na sha shiga shago in ga fakiti a buɗe a kan tebur kusa da taga tun farkon damina. Wannan takardar ko ta wane kamfani ce ta riga ta tashi daga aiki. A mayar da ita cikin ledarta a rufe, a ajiye ta a kwance, a fito da iya wadda za a buga. In hunturu ya shigo kuma matsalar ta juya, ƙura ce ke hawa kan rola ta sa ta santsi, nozul kuma su riƙa bushewa da wuri. A rufe injin da ƙyalle, kuma ko ba aiki a buga wani abu mai kala sau ɗaya a mako.

Sai maganar wuta, wadda littafin firinta bai san da mu ba a kanta. In ka kashe injin ta maɓallinsa, hed yakan koma ma'ajinsa ya zauna a kan wani murfin roba da ke hana nozul bushewa. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar bugu, ko aka zare soket daga bango don wani zai sa caji, hed yana nan tsaye a tsakiya, baki buɗe, har safe. Rabin toshewar da na gani a hostal daga nan take. Da wuta ta dawo a kunna injin ya mayar da kansa, sannan a kashe shi yadda ya kamata. Kuma kada a bar tawada ta sauka ƙasa da layin da ke jikin tanki, iska ce za ta shiga bututu, ka ga kala tana zuwa tana ɗaukewa a tsakiyar hoto.

Yanzu kada a ce na wanke takarda tas. Akwai inda laifinta ne, kuma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce araha ba ta ado. Takardun hoto ba iri ɗaya ba ne ko da duk suna sheƙi. Mafi arahar, bayanta takarda ce zalla, biro na kama ta, ruwa na ratsa ta, in tawada ta yi yawa sai ta yi ƙunji. Mai ɗan tsadar an lulluɓe ta da siririyar roba gaba da baya, bayanta santsi, tana fitowa a bushe kuma a miƙe, ita ce mai kama da ta situdiyo. Nauyi ma daban: takardar rubutu giram 80 ce, ta hoto kuwa akwai 115 da 135 da 180 da 230 har 260, kuma nauyi kaɗai ba ya nuna kyan shafen da ke fuskarta. Na taɓa sayen fakiti biyu masu suna ɗaya, kwali ɗaya, ɗaya fara sol, ɗaya ta ja zuwa ruwan madara. Na kamfani ba ta yi maka haka, kuma wannan tabbacin shi ne ainihin abin da kake biya in ka saye ta. Akwai kuma takardar da shafenta bai bazu daidai ba, ka buga sararin sama ka ga tabo-tabo a wuri ɗaya a kowace takarda ko ta yaya ka juya hoton. In ka kai nan bayan ka gama duk gwajin da na faɗa, to ka zage ta da hujja, ni ma zan taya ka.

Wani kuskuren kuma ba na takarda ba ne, na mai saye ne. Akwai mai sheƙin nan da masu ɗab'i suke kira at-fefa, wadda ake buga kalanda da fosta da ita. Ga ido kamar takardar hoto, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, sai ɗalibi ya ga ya tsinci dami a kala. An yi ta ne don manyan injinan ɗab'i da masu garin tona, ba ta shan tawadar ruwa. Ka sa ta a irin firintarmu, tawada ta taru a kai kamar raɓa a ganyen gwaza, gobe ma ba ta bushe ba. Haka in ka kai takardar hoto ta tawadar ruwa, musamman mai robar nan, aka sa ta a injin leza, zafinsa na iya narkar da ita ta manne a ciki, ka bar mai shago da gyara. In kana shakka, ka jiƙa kan yatsa kaɗan ka taɓa kusurwa. Fuskar da aka yi don tawadar ruwa za ta ɗan kama yatsan. Da wannan ne ma ake gane gaba da baya a takardar mat, don an sha buga hoto a bayan takarda a zo ana neman wanda za a yi wa faɗa.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar ta mene ce, a sayi takardar kamfani da tawadar kamfani a huta. Gaskiya ne, in ka haɗa su ukun, injin da tawada da takarda na gida ɗaya, da wuya ka sha wahalar saiti, tare aka gwada su. Kuma in hoto ne da za a rataye a falo shekara da shekaru, kamar na yaye ɗalibai da za a kai wa Hajiya a gida, ni da kaina zan ce a saye ta, ko a kai situdiyo a wanke. Tawadar rini a kan takarda mai araha tana koɗewa in tana shan rana da iska, wanda ya ga hotunan da ke manne a allon sanarwa tun zangon da ya wuce ya san haka. Amma a faɗa wa ɗalibin da zai buga faranti ashirin sau huɗu ya sayi ta kamfani, wannan maganar wanda bai san yadda aljihunmu yake ba ne. Hoton da zai zauna a cikin kundi a rufe, ba rana ba iska, takarda mai matsakaicin kuɗi ta ishe shi har ya tsufa a laburare. Kuma kar a manta, yarinyar nan da na ba ku labari, ko ta kamfani ta saya hotonta da layi zai fito, tunda majenta ba ta fita.

Mu ɗalibai ma muna da namu kason. Ka ɗauki hoto mai kyau, ka tura wa aboki ta WhatsApp, shi ya tura wa wani, a ƙarshe a yi masa sikirinshot, sannan a kawo min a ce in buga shi A4. WhatsApp yana matse hoto in ba a matsayin fayil ka tura shi ba. Lissafin ba wuya: bugu mai kyau yana son ɗigo wajen 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar fiksel 1200 da 1800. Wanda bai kai rabin haka ba zai fito da murabba'i-murabba'i a wuraren duhu, kuma ba takardar da za ta gyara shi. Word ma yakan matse hotunan da aka sa a ciki zuwa 220 in ba a hana shi ba, don haka masu hotunan madubin likita da taswira su riƙe na asalin a filashi. Sannan allon wayarka fitila ce, takarda kuwa sai an haska ta. Duk hoto zai fito ya ɗan fi duhu a takarda, ba wai an cuce ka ba ne. Masu Photoshop kuma, ku zaɓi ɗaya ya kula da kala, ko shi ko direban firinta. In kun bar su biyun suna yi tare, fuskar mutum takan fito ja kamar ya sha mari.

Abin da nake nema a wajen 'yan'uwana masu sana'ar, na shago da na ɗaki, ba shi da yawa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowace safiya kafin kwastoma na farko a buga gwajin nozul, a manna shi a bango inda kowa zai gani. Duk aikin da ya wuce hoto biyar, a buga ɗaya tukuna a miƙa wa mai shi ya duba kafin a saki sauran. A yi farashi biyu a faɗa wa mutum gaskiya: ga na sauri, ga na a hankali, ga takarda kaza ga kaza, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Na san bugu a hankali yana cin lokaci da mai, to a sa kuɗinsa a kai, wanda aikinsa na shekara huɗu ke hannunsa zai biya. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi kuɗin hoto a yi bugun takardar rubutu, in ya lalace a nuna fakiti.

Ku kuma masu kawo aiki, ku daina zuwa daren ƙarshe. Ku nemi a buga muku ɗaya ku fita da shi rana ku duba. In kun ga layi, ku ce oga don Allah a buga gwajin nozul mu gani, cikin ladabi, ba da tsawa ba, mai shagon da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. In an gama kada ku tara hotunan kan juna nan take ku cusa a jaka, ku shimfiɗa su su sha iska, in da hali su kwana kafin a kai wajen masu ɗaure kundi, don matsi na sa wanda bai gama bushewa ba ya manne da na samansa.

Ƙanwar tamu ta miƙa aikinta ranar ƙarshe da rana, a kan ragowar takardar nan ta farko da aka ce ba ta da kyau. Fakiti na biyun da aka sa ta saya yana nan a ɗakina, ta ce in riƙe. Ogan shagon kuma na wuce ta wajensa shekaranjiya, na hango takardar gwaji manne a jikin ƙofa da salatif, majenta ta cika, sai dai rawaya ta fara yankewa a layi biyu na ƙasa. Na nuna masa, ya ce ya gani, sai an tashi zai wanke.